Famfon Sha a Lambunan Shan Iska: Tarihin Yadda Magina Suka Kwaikwayi Halitta

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan lambunan shan iska na biranen Turai, in ya lura, zai ga wani ɗan gini na ƙarfe ko na dutse a gefen hanya, ruwa yana zubowa daga gare shi, kowa ya zo ya sha ya wuce, ba mai tambayarsa ko anini. Sau da yawa ba a barin irin wannan famfo haka nan tsirara. Akan yi masa siffar wani abu daga cikin halittun Allah. Wani ruwansa yana fitowa daga bakin bijimi, wani daga cikin ɓawon katantanwar teku, wani kuwa daga tsakanin duwatsun da aka jera don su yi kama da marmaron daji. Mai wucewa zai ɗauka ado ne kurum aka yi. Amma in aka bi tarihin abin, za a tarar cewa a bayan wannan ado akwai labarin annoba, da talauci, da gardama mai tsawo tsakanin masu fasaha da likitoci.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wannan tarihi, tun daga tushensa har zuwa yau, don a amsa tambayoyi biyu. Ta farko, me ya sa magina suka riƙa komawa ga tsirrai da dabbobi da idon ruwa duk sa'ad da za su ƙera wurin sha na jama'a? Ta biyu, a ina wannan kwaikwayo ya amfani mai ƙishirwa, a ina kuma ya cuce shi?

Tushen Al'adar

Tun kafin a san famfo, wurin shan ɗan'adam shi ne kogi da tafki da idon ruwa. A cikin waɗannan kuwa ba wanda zuciya ta fi natsuwa da shi kamar ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga cikin dutse, domin yana da sanyi, yana gudu, kuma ba a ga abin da ya gurɓata shi ba. Saboda haka da mutane suka koyi jawo ruwa daga nesa zuwa cikin gari, sai suka yi ƙoƙarin su ba wurin fitarsa kamannin inda ya fito.

Rumawa su ne suka fi shahara a wannan fage. Sun gina hanyar ruwansu ta farko a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma kafin daularsu ta faɗi birnin Rum yana da manyan hanyoyin ruwa 11. Ruwan yakan ƙare a kwamin dutse a mararrabar tituna, yana zuba dare da rana, sau da yawa daga bakin wata siffa da aka sassaƙa. Al'adar ba ta mutu ba. A shekarar 1644 mashahurin masassaƙin nan Bernini ya yi wani ɗan famfo a Rum mai siffar buɗaɗɗen ɓawon katantanwar teku, da ƙudan zuma uku a bakinsa, don amfanin jama'a da dabbobinsu. Ƙudan zuman kuwa tambarin gidan Paparoma Urban na Takwas ne, watau tun a lokacin siffar halitta tana ɗauke da sunan mai kyautar.

A biranen Musulmi kuma akwai sabil, wurin da ake shayar da masu wucewa domin neman lada. Sa'ad da Faransawa suka mamaye Masar a shekarar 1798, sun tarar da wajen sabil 300 a Alƙahira. A ƙarƙashin kowane babban sabil akwai matattarar ruwa wadda ake cika ta da ruwan Nilu a lokacin ambaliya. A cikin ɗakin shayarwa kuwa akwai wani faifan marmara da aka jingine a karkace, an sassaƙa masa zane kamar igiyar ruwa. Ruwa yakan bi ta kansa yana tsalle-tsalle, iska ta buge shi, ya yi sanyi kafin ya isa ga moɗar mai sha. Ana kiran wannan faifai salsabil, sunan wani marmaro na Aljanna da aka ambata a cikin Alƙur'ani. Abin lura a nan shi ne, zanen yana da aikin da yake yi, domin abin da duwatsun rafi ke yi wa ruwa shi ne ya kwaikwaya. A Santambul, sabil ɗin da Sarkin Musulmi Ahmad na Uku ya gina a shekarar 1728 a ƙofar fadar Topkapi an lulluɓe jikinsa da zanen furanni da ganyaye. Randar da ake ajiyewa a ƙofar gida ko a gindin bishiya a ƙasar Hausa da Sudan, don baƙo ya sha, ita ma reshe ce ta wannan niyya, kuma sanyin ruwanta daga tsattsafowar da yake yi ta jikin yumɓu yake samuwa.

Annoba da Ƙishirwa a Landan

Famfon sha na zamani, irin wanda ake gani a lambunan birane, ɗan ƙarni na goma sha tara ne, kuma wahala ce ta haife shi. A farkon ƙarnin mutanen Landan ba su wuce miliyan 1 da kaɗan ba, amma kafin tsakiyarsa sun haura miliyan 2. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayar da ruwa, waɗansu kuwa daga kogin Thames suke ɗebo shi, a daidai inda ƙazantar gari take kwarara. Talakan da ba shi da halin biyan kamfani sai ya dogara ga rijiyoyin unguwa masu famfon hannu, waɗanda ke maƙwabtaka da masai da maƙabartu. Cutar kwalara ta auka wa birnin a 1832, ta dawo a 1848, ta sake dawowa a 1853.

A shekarar 1854 ne Dakta John Snow ya bi gida-gida a unguwar Soho yana ƙidaya mamata, har ya gano cewa mafi yawansu daga famfon titin Broad suke sha. Fiye da mutum 600 suka rasu a wannan karo. Ya shawo kan hukumar unguwa aka cire hannun famfon. Akwai wani abu a cikin bincikensa da ya shafi wannan lacca ƙwarai. Ruwan wannan famfo yana da farin jini, ana yabon ɗanɗanonsa. Wata gwauruwa da ke zaune can nesa a Hampstead takan sa a riƙa kai mata shi a kwalba saboda ta fi son sa, kuma shi ya yi ajalinta. Haka nan famfon Aldgate, wanda a yau yake ɗauke da kan kyarkeci na tagulla, an daɗe ana yabon garai-garai ɗin ruwansa, sai daga baya aka gane cewa ta ƙarƙashin maƙabartu yake biyowa, aka rufe rijiyar a 1876 aka haɗa famfon da ruwan bututu. Watau ido da harshe, waɗanda ɗan'adam ya dogara gare su tun fil azal wajen zaɓen ruwa, sun zama ba abin amincewa ba a cikin babban birni.

Wannan ya jefa masu neman gyara cikin matsala. Talakawa da yawa sun gwammace giya a kan ruwa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Bai isa a kawo tsabtataccen ruwa ba, sai an kuma shawo kan mutane su yarda da shi. Wani ɗan kasuwa mai suna Charles Melly, wanda ya ga famfunan sha a birnin Janeba, ya kafa na farko a tashar jiragen ruwa ta Libaful a 1854. A Landan kuwa, ɗan majalisa Samuel Gurney da lauya Edward Wakefield suka kafa ƙungiyar samar da famfunan sha kyauta a 1859. An buɗe famfonta na farko ran 21 ga Afrilu na wannan shekara a jikin shingen cocin Saint Sepulchre, kuma an ba da labarin cewa wajen mutum 7,000 ke sha daga gare shi kowace rana. An yi shi da dutse mai sheƙi, aka sa masa siffar ɓawon katantanwar teku, aka ɗaure moɗa biyu da sarƙa. A 1867 ƙungiyar ta faɗaɗa sunanta don ya haɗa da kwamin shayar da dawaki da shanu.

Lambu a Tsakiyar Birni

A daidai wannan zamani ne kuma aka fara gina lambunan shan iska na jama'a. Masu mulki sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta, don haka suka ga ya wajaba a bar wa birni fili mai bishiyoyi inda ma'aikata za su shaƙata. An buɗe lambun Victoria a gabashin Landan, unguwar matalauta, a 1845. An buɗe na Birkenhead, wanda Joseph Paxton ya tsara, a 1847. Wani Ba'amurke mai suna Frederick Law Olmsted ya ziyarci wannan lambu a 1850, abin ya burge shi, kuma shi ne tare da Calvert Vaux suka ci gasar tsara babban lambun tsakiyar birnin Niyok a 1858.

Ƙa'idar waɗannan masu tsari ita ce lambu ya yi kama da daji, ko da yake kowace bishiya da hannu aka dasa ta, kowane tafki kuma da shebur aka haƙa shi. A irin wannan wuri bututun ƙarfe tsirara zai ɓata tsarin. Ga shi kuma iyalin da suka yi tafiya mai nisa da ƙafa ranar Lahadi dole su sha ruwa, in ba haka ba maigida ya nufi gidan giya. Saboda haka famfon sha ya zama wajibi, kuma aka ɗora masa nauyin ya saje da abin da ke kewaye da shi.

Masu kuɗi suka shiga gasa. A 1862 hamshaƙiyar attajirar nan Angela Burdett-Coutts ta gina wa lambun Victoria wani famfo mai kama da ƙaramar hasumiya, da siffofin yara huɗu a kan dolfin, dabbar tekun nan mai kama da kifi, suna tsiyayo ruwa daga tuluna. A 1869 wani attajiri daga Bombay, Cowasji Jehangir, ya ba lambun Regent nasa. Waɗannan gine-gine sun ci kuɗin da zai isa a kafa ƙananan famfuna masu yawa a lungunan da suka fi bukata, kuma a nan ne aibin farko na ado ya bayyana: sunan mai kyauta yakan rinjayi ƙishirwar mai sha.

Faris da Famfunan Wallace

Birnin Faris ne ya nuna yadda za a haɗa kyau da yawa. A zamanin Sarki Napoleon na Uku, injiniya Adolphe Alphand ya gina manyan lambuna, ciki har da Buttes-Chaumont, wanda aka buɗe a 1867 a wani tsohon ramin haƙar dutse da juji. An yi masa kogon ƙarya da ruwa mai gangarowa daga tsauni, alhali inji ne ke tura ruwan zuwa sama. A wannan shekarar ce wani mai aikin lambu, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar saka ƙarfe a cikin siminti don yin tukwanen shuka. Da wannan dabara magina suka riƙa yin shinge da gadoji da wuraren sha masu kama da kututture ko dutse.

Sai yaƙi ya zo. Sojojin Jamus suka yi wa Faris ƙawanya daga Satumba 1870 zuwa Janairu 1871, sa'an nan yaƙin basasa ya biyo baya har zuwa Mayu. Hanyoyin ruwa suka lalace, ruwa ya yi tsada, talakawa suka ƙara karkata ga giya. Wani Bature ɗan Ingila mazaunin birnin, Richard Wallace, wanda ya gaji dukiya mai yawa a 1870, ya ɗauki nauyin kafa famfuna 50. Ya zana siffar da yake so, masassaƙi Charles-Auguste Lebourg ya kammala ta, aka zuba su da narkakken ƙarfe a maƙerar Val d'Osne. An kafa na farko a 1872.

Tsawon babban samfurin mita 2.71 ne, nauyinsa kilo 610. Siffofin mata huɗu ne suke ɗauke da wata ƙubba a kansu, ƙubbar tana da zane kamar ɓawon kifi da siffofin dolfin, ruwa kuma yana zubowa siriri daga tsakiyarta. An shafa masa koren fenti mai duhu don ya saje da bishiyoyin titi da na lambu. Hikimar abin tana cikin zubin ƙarfe. Da zarar an yi uwar zubi guda, ana iya fitar da ɗaruruwa a kan kuɗi kaɗan, saboda haka unguwar talaka ta sami irin abin da unguwar mai kuɗi ta samu. Tsawonsa ya sa ana hango shi daga nesa, matan huɗun kuma suna tsaye kusa da juna yadda doki ba zai iya cusa kansa ba. Har yau akwai fiye da 100 a Faris, akan rufe su daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris don kada ƙanƙara ta fasa bututu. Ga marasa gida na birnin, waɗannan famfuna suna cikin 'yan wuraren da suke samun ruwa kyauta.

Dabbobin Italiya

Italiyawa sun bi hanya mai sauƙi fiye da haka. A Turin, tun daga 1862 aka fara kafa ƙananan famfunan ƙarfe kore masu kan bijimi, domin bijimi shi ne tambarin birnin, kuma yawansu a yau ya kai wajen 800. A Rum an fara kafa nasu a 1874. Na farkon suna da kawuna uku na wani dodo mai kama da maciji, amma daga baya aka maye gurbinsu da lanƙwasasshen bututu guda, wanda mutanen gari suka yi wa laƙabi da babban hanci. Akwai wajen 2,500 a birnin da kewayensa.

A jikin wannan bututu, ta sama, akwai wata 'yar huda. In mutum ya toshe bakin bututun da yatsa, sai ruwa ya yi tsiri ta hudar, ya sha ba tare da moɗa ba, ba kuma tare da leɓensa ya taɓa ƙarfe ba. Ruwan yana gudu ba tsayawa kamar na marmaro, saboda haka ba ya kwanciya a cikin bututu balle ya ɗumama. An cire kan dodo, amma an riƙe halin idon ruwa. Sai dai wannan ma yana da tsadarsa. A lokacin farin 2017 hukuma ta rufe da yawa daga cikinsu don tsimin ruwa, aka yi ta gardama, masu taimakon marasa galihu suna cewa talaka ne aka hukunta alhali ɓarnar da ke cikin fasassun bututun ƙarƙashin ƙasa ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Shigowar Likitoci

Abin da ya karya darajar famfo mai ado shi ne moɗar da ke rataye a jikinsa. Bayan binciken Louis Pasteur da Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, likitoci suka fahimci cewa ruwa yana iya zama mai tsabta amma moɗar da ɗaruruwan bakuna suka taɓa ta zama hanyar cuta. A jihar Kansas ta Amurka, Dakta Samuel Crumbine ya sa aka haramta moɗar tarayya a 1909, sauran jihohi suka bi sahu. Faris ba ta cire nata kofunan daga famfunan Wallace ba sai a 1952.

Maƙera suka tashi neman famfon da ba ya bukatar moɗa. Luther Haws, mai gyaran famfo kuma mai duba tsabta a Kalifoniya, ya ƙera nasa a 1906 bayan ya ga 'yan makaranta suna sha da kofi ɗaya. Halsey Taylor, wanda zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinsa, ya fara ƙera nasa a 1912. A wannan shekarar ce kuma wani attajirin katako, Simon Benson, ya ba birnin Portland dala 10,000 don a kafa famfunan tagulla 20, kowanne da tasa huɗu a kan rassa huɗu kamar buɗaɗɗen fure, ruwa yana ɓuɓɓugowa daga tsakiyar kowace tasa.

A nan kwaikwayon halitta ya sake yin tuntuɓe. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa sama a miƙe shi ne ya fi kama da marmaro, amma bincike ya nuna cewa abin da ya taɓa bakin mai sha yana komowa kan bakin bututun. Saboda haka aka koma ga ruwa mai fita a karkace kamar baka, aka kuma sa wani ɗan murfi da ke hana leɓe isa ga bututu. Daga nan sharuɗɗan likita suka zama su ne ke tsara siffar famfo: jiki mai santsi, ba lungu, ba saƙo, mai sauƙin wankewa. Ganye da fure na ƙarfe, waɗanda datti ke maƙalewa a cikinsu, suka zama abin zargi. Famfon ƙarni na ashirin ya koma farar tasa ko akwatin ƙarfe.

Wajibi ne a ambaci cewa tsabta ma an yi amfani da sunanta wajen zalunci. A kudancin Amurka an ware famfon farar fata daban da na baƙar fata, kuma ba a kawar da wannan a doka ba sai da aka kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964. Wurin sha yakan nuna wanda gari ya ɗauka mutum ne.

Faɗuwa da Farfaɗowa

Bayan yaƙin duniya na biyu ruwan famfo ya shiga kusan kowane gida a Turai da Amurka, motoci suka kori dawaki, hukumomin birane kuma suka ga ba dalilin kashe kuɗi a kan gyaran famfunan lambu. Da yawa suka ƙafe. Famfon Burdett-Coutts yana nan tsaye, an gyara jikinsa, amma ya zama abin kallo. A 1973 aka yi rajistar kwalbar roba mai jure ruwan gas, kuma cikin shekaru kaɗan sayar da ruwan kwalba ya zama babbar sana'a. Abin da Gurney da Wallace suka yi fafutukar a ba da shi kyauta ya koma haja.

Tarin sharar roba da tsananin zafin bazara su suka dawo da hankali ga tsohon famfo. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na ɗan'adam. A wannan shekarar Faris ta buɗe famfo mai ba da ruwan gas kyauta a lambun Reuilly, hukumar lambunan sarauta ta Landan kuma ta shirya gasar tsara sabon famfo. Ɗaya daga cikin biyun da suka ci, wanda aka kafa a lambun Green, falalen dutse ne a tsaye da huda uku, ɗaya daidai tsawon babba, ɗaya daidai yaro ko mai keken guragu, ɗaya kuma a ƙasa don kare.  A 2020 Tarayyar Turai ta sabunta dokarta ta ruwan sha, ta nemi ƙasashe su ƙara wuraren sha a bainar jama'a.

Daga Siffa Zuwa Aiki

Masu tsara gine-gine na yau suna rarrabe tsakanin kwaikwayon siffar halitta da kwaikwayon yadda take aiki. Littafin da Janine Benyus ta wallafa a 1997 ya yaɗa wannan tunani, amma aikin ya girme shi. A lambun Güell na Basalona, wanda Antoni Gaudí ya gina tsakanin 1900 da 1914, ruwan sama yakan nutse ta cikin yashin dandali, ya bi ta cikin ginshiƙai masu rami zuwa wata matattara a ƙarƙashin ƙasa, rarar kuma ta fito ta bakin shahararren ƙadangaren nan mai ado da fasassun tangaran. Ko da yake don bayin shuka da bukatun wurin aka tanadi ruwan, tsarin ya bi yadda tudu ke shan ruwan sama ya fitar da shi a gindinsa.

Masana kimiyya sun ƙara buɗe waɗansu ƙofofi. Wilhelm Barthlott na Jamus ya bayyana dalilin da ya sa ganyen lotas, wani tsiro mai kama da bado, ba ya riƙe datti: jikinsa cike yake da ƙananan ƙuraje masu kakin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara da ƙura. Daga nan aka sami fenti mai wanke kansa. A 2001 aka wallafa bincike a kan wani ƙwaro na hamadar Namib mai tara ruwa daga hazo a gadon bayansa, abin da ya zaburar da masu ƙera na'urorin kama raɓa. Waɗannan dabaru ba su kai ga shayar da babban lambun birni ba, domin abin da suke tarawa kaɗan ne kuma yana bukatar tacewa. Inda aka fi cin nasara shi ne a ƙananan abubuwa: karkatar da rarar ruwan famfo zuwa gindin bishiya maimakon kwata, kafa famfon a inuwa don kada bututu ya yi zafi, da amfani da tagulla, wadda ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a kanta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya amsa tambayoyin da aka fara da su. Magina sun koma ga halitta ne domin famfon jama'a yana bukatar amana. Mutum zai kafa bakinsa a kan ruwan da bai san inda ya fito ba, siffar marmaro ko fure kuwa tana kwantar masa da hankali, tana kuma sa mutanen gari su ɗauki famfon nasu ne, su kare shi. Mutanen Turin da na Faris sun riƙe nasu fiye da shekara 150, alhali akwatunan ƙarfe marasa siffa an tumɓuke su ba wanda ya yi magana.

Amma siffar ba ta tsabtace ruwa. Famfon titin Broad ya kashe masu yabonsa, moɗar da ke ƙarƙashin kyakkyawan ɓawon katantanwa ta yaɗa cuta, ruwa mai ɓuɓɓugowa kamar marmaro kuma ya kasa cika sharaɗin likita. Kwaikwayon da ya yi ƙarko shi ne wanda yake da aikin yi, kamar faifan marmara na sabil ɗin Alƙahira da hudar bututun Rum. Bayan wannan duka akwai abin da ba ya bayyana a zanen mai fasaha, watau ma'aikacin da ke zuwa ya auna ruwan, ya wanke tasa, ya canja bututun da ya ruɓe, da kuma hukumar da ta ware kuɗin biyansa kowace shekara. Duk garin da ke shirin kafa famfo a lambunsa, kafin ya zaɓi kan bijimi ko ganyen bado, ya kamata ya fara sanin wanda zai riƙa kula da shi bayan an watse daga bikin buɗewa.